Yini Guda A Ƙal'ar Ƙaitabai, Bakin Tekun Iskandariyya

Jinya ce ta kai ni Masar. Yayana na raka, aikin ido aka yi masa a Alƙahira, kuma babban ɗansa yana can yana karatu a Azhar, shekara ta huɗu ke nan. Allah Ya sa aka yi aiki lafiya, likita ya ce a dawo bayan kwana biyar a cire bandeji. Kwana biyu ina zaune gefen gadonsa, ina miƙa masa magani, ina karanta masa saƙonnin gida. A rana ta uku sai ya ce, "Kai, zaman nan ya isa haka. Shekara da shekaru kana koya wa 'ya'yan mutane tarihi a jikin allo, yau ga tarihin a ƙofar ɗakinka, ka zauna kana gadina? Ku tashi kai da yaron nan ku je ku ga teku." Abokan karatun ɗan nasa biyu suka ce za su wuni da shi, hankalina ya kwanta.

Muna idar da Asuba muka nufi tashar Ramsis. Watan Janairu ne, sanyin nan nasu mai shiga ƙashi. Jirgin ƙasa ya ratsa da mu Banha da Ɗanɗa da Damanhur, gonaki kore shar hagu da dama, babu ko tafin hannu na ƙasa da aka bari a banza. Kusan awa uku muka sauka Iskandariyya, muka faɗa ƙaramar bas ɗin nan da mutanen garin ke ce wa mashru'u, ta hau da mu titin bakin ruwa.

Na taɓa ganin teku a Legas, na gani a Jidda, amma wannan daban take. Gaɓar ta lanƙwashe kamar bakin ƙwarya, gari ya kewaye ruwa, can a ƙarshen hannun hagu kuma wani gini ya tsaya shi kaɗai, launinsa kamar na man shanu, ruwa na dukansa ta gefe uku. Ɗan yayana ya nuna da yatsa ya ce, "Baffa, ga ta can. Ƙal'ar Ƙaitabai."

Ƙal'a a bakin Larabawa gidan yaƙi ne mai ganuwa. Kalmar da ta fi zauna mini a zuciya ita ce wadda muka gada daga tarihin Sakkwato, wato ribaɗi: wurin da ake ajiye dakaru a bakin iyaka, su kwana su tashi idonsu na kan hanyar da abokin gaba zai ɓullo. Iyakar dai a nan ruwa ce.

Muka sauka a unguwar Anfushi muka ƙarasa da ƙafa. Kwalekwalen masunta cunkus a cikin ruwa, shuɗi da kore da rawaya, wasu an kife su a gaɓa ana toshe musu ɓaraka. Masu gasa masara, masu dankali a ɗan murhun kura, masu sayar da sarƙoƙin bawon katantanwa. Dattawa sun jera a kan duwatsu da dogayen sandunan fatsa, ba mai ce wa wani uffan. Muna cikin tafiya yaron ya ce, "Baffa, ka san inda muke takawar nan da can ruwa ne?" Haka ne kuwa. Wurin tsibiri ne mai suna Faros. Girkawan da suka mallaki Masar bayan Iskandar, sarkin da ya kafa garin, suka cike teku, suka yi hanya mai tsawon fiye da kilomita 1 ta haɗa shi da gari. Yashi ya yi ta taruwa a gefenta ƙarni bayan ƙarni, har ta zama unguwanni da kasuwanni da masallatai.

A kan wannan tsibiri ne aka gina hasumiyar fitila wadda mutanen da suka lissafa cikin abubuwan mamaki 7 na duniya. An gama ta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin sarki Batlimus na biyu. Tsawonta ya haura mita 100, hawa uku: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kewayayye. Da dare a hura wuta a ƙololuwarta, matuƙin jirgin da ke can tsakiyar Bahar Rum ya hango, ya san ga bakin tasha, ya kauce wa duwatsun da ke laɓe ƙarƙashin ruwa. Lokacin da Amru ɗan Asi ya ci garin a zamanin Sayyidina Umar, hasumiyar ta kusa shekara 1,000 a tsaye, kuma Musulmi suka ci gaba da kula da ita, har suka yi ɗan masallaci a samanta. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya hau ya yi salla a ciki a 1183.

Girgizar ƙasa ce ta ci ta. Ta jijjiga ta a 956, ta sake a 1303, ta ƙara a 1323. Ibn Baɗuɗa, wannan dai da ya zo har Takadda ta ƙasar Nijar ta yau, ya gan ta sau biyu. A 1326 ya tarar gefe ɗaya ya zube amma ana iya shiga. Da ya dawo a 1349 ko ƙofar ba a iya kaiwa. Daga nan ta zama tsibin duwatsu, ta yi sama da shekara 100 a haka.

Duk wannan na san shi tun a gida. Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da na gani a ƙofar babban soron.

Bayan an wuce ganuwar waje da fili mai faɗi, sai ka iso ƙofar. Ginin duka na farin dutse ne mai laushi, wanda iskar gishiri ta ciccinye har ya yi ramuka kamar saƙar zuma. Amma dogaran ƙofar da abin da aka ɗora a kansu wani dutse ne daban: ja mai ɗigo-ɗigon baƙi, sulɓi, manya-manyan guntaye da mutum goma ba za su motsa ɗaya ba. Irin wannan dutse daga Aswan ake fasa shi, can kudancin Masar, a ɗauko shi ta kogin Nilu. Masana sun tafi a kan cewa daga kangon hasumiyar aka tsamo su. Na ɗora tafin hannuna a kai. Sanyi ƙalau, santsi kamar an shafa mai. Farin dutsen da ke gefensa bai fi shekara 540 da 'yan kai ba, duk ya tsufa ya yamutse, wannan kuwa da ya ninka shi shekaru sau huɗu ko gezau. Na daɗe a tsaye hannuna na kai, har wasu 'yan makaranta suka taru a bayana suna jiran hanya.

A nan ne labarin ya fara taɓa ni. Dutse ɗaya, wuri ɗaya, amma aikin ya juye. Ginin farko kiran jirage yake yi su shigo lafiya. Na biyu an yi shi ne don ya hana su shigowa. Kuma mutanen garin suna da hujjarsu. A watan Oktoba na 1365 sarkin Ƙubrus, Bitrus na ɗaya, ya faɗo wa Iskandariyya da rundunar jiragen ruwa, suka kashe, suka ƙona, suka kwashi dukiya da dubban mutane, suka koma teku cikin 'yan kwanaki kafin dakarun Alƙahira su iso. Garin bai sake komawa yadda yake ba. Sai kuma ga Turkawan Usmaniyya sun ci Kustantiniyya a 1453, ƙarfinsu a ruwa yana ta ƙaruwa. Duk sarkin Masar mai hankali dole ya dubi wannan bakin tasha ya rasa barci.

Wanda ya dube shi ya yi abin da ya kamata shi ne Sultan Ashraf Ƙaitabai. Ya zo da kansa ya ga kangon, ya ba da umarni a 1477, aka gama a 1479. Shekara biyu kacal. Filin ya kai murabba'in mita 17,550, babban soron kuma mita 30 ne kowane gefe, tsawonsa mita 17, da ƙananan hasumiyoyi kewayayyu a kusurwoyinsa huɗu. Masanin tarihin Masar Ibn Iyas ya ce kuɗin da aka kashe ya haura dinari 100,000.

To, shi wannan mai kashe dinari 100,000, masu tarihi sun ce dinari 50 aka saye shi.

Bawa ne. Daga ƙasar Sarkasawa ta yankin duwatsun Kaukasus aka kawo shi Alƙahira, Sultan Barsbai ya saye shi, Sultan Jaƙmaƙ ya 'yanta shi, ya yi ta hawa muƙami bayan muƙami a cikin soja har ya zama babban kwamanda, a 1468 aka naɗa shi sarki ya haura shekara 50. Haka daular Mamluk take, tun daga 1250 har 1517: a sayo yara daga nesa, a musuluntar da su, a koya musu hawan doki da harbi da karatu, a 'yanta su, daga cikinsu sarki ke fitowa. Mu da muka san bayin sarki a fadojinmu, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, mun san bawan fada kan yi ƙarfin da ɗan sarauta ke shakkarsa. Amma a wurinmu yana tsayawa ne a bayan karaga. A Masar shi ke zama a kanta. Ban iya tunanin wannan ba tare da tunanin uwar da aka raba da ɗanta a wani ƙauye mai dusar ƙanƙara, wadda ba ta taɓa jin inda ya ƙare ba. Ɗaukakar da ya samu ba ta goge wannan.

Muka shiga. Kafin ka wuce zauren, ɗaga kai za ka ga kafofi a saman ƙofa, inda masu tsaro ke zubo wa wanda ya matso abin da zai hana shi ƙarasawa. Amma da ka shige, abin da ya cinye fiye da rabin hawan ƙasa masallaci ne. Ɗan ƙarami, da rumfuna huɗu kewaye da tsakar gida, daɓen an shimfiɗa shi da ƙananan guntayen marmara masu launi, an jera su taurari da kusurwoyi kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Sama kuma a buɗe take har can ƙololuwa, haske na saukowa a hankali. Hayaniyar teku ba ta kai nan sosai, sai dai wani gunji can ƙasa-ƙasa. Na tsaya ina kallon mihrabin ina tuna mutanen da suka yi sahu a nan, takubbansu a gefe, kunnensu ɗaya na wajen liman ɗaya na wajen mai gadi a sama.

Matattakalar ƙunci gare ta, kuma kowane tudu dogo ne, sai da na huta sau biyu. Hawa na biyu lunguna ne da ƙananan ɗakuna. A nan na ga abin da ya fi burge ni a dabarar magina: tagogin harbi. Daga ciki faɗinsu ya isa mutum ya tsuguna da bakansa ya juya dama da hagu, amma suna tafiya suna tsukewa, har a waje su zama tsaga da ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Na sa fuskata a ɗaya. Iska ta bugo ni da ƙarfi, na ji gishiri a leɓena. Ta wannan 'yar tsaga ina ganin bakin tashar gaba ɗaya, da kowane kwalekwale mai shiga da fita, alhali wanda ke cikin ruwa ba abin da zai gani sai baƙin layi a bango. A hawa na uku akwai babban ɗaki inda aka ce sarki kan zauna ya hangi jirage tun suna nesa. An tanadi wurin niƙa da wurin gasa burodi, ga matattarar ruwan sha a ƙarƙashin ƙasa, ga rumbunan makamai, ga ɗakunan kwanan dakaru jere a jikin ganuwar ciki. An shirya wurin yadda ko an kewaye su za su daɗe ba su nemi kowa ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. A jikin waɗannan bangaye, har kusa da tagogin, mutane sun kakkarta sunayensu da na masoyansu, wasu da biro, wasu da ƙusa. Dutsen da ya tsira daga igwa ana cinye shi da makullin mota. Sultan Ƙansuwa Alguri, wanda ya hau mulki a 1501, ya sa an rubuta doka a allon marmara a wannan gida cewa duk wanda ya fitar da makami ko ya saci wani abu daga ciki, hukuncinsa kisa ne. Ba na fatan a dawo da irin wannan hukunci, amma na so a ce masu karce bangon sun san nauyin da wurin ke da shi a idon waɗanda suka gina shi.

A saman soron, muna jingine da bango muna kallon ruwa, yaron ya ce, "Baffa, ai kullum ta ƙarƙashin aikinsa nake wucewa." Na ce wane? Ya ce Ƙaitabai mana. Ɗaya daga cikin hasumiyoyin masallacin Azhar tasa ce, da ƙofar da ke ƙarƙashinta. Ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar takardar fam 1 ta Masar, ya nuna mini masallacin da ke jiki: shi ma nasa ne, a maƙabartar arewacin Alƙahira, kuma nan kabarinsa yake. Sai sauran suka dinga dawo mini. Shi ne ya yi aikin Hajji a 1480 yana kan mulki, abin da 'yan kaɗan ne cikin sarakunan Mamluk suka yi. Shi ne da tsawa ta faɗa wa hasumiyar Masallacin Annabi (SAW) a watan Ramadan na 1481, wuta ta cinye masallacin, ya aika magina da dukiya aka sake gina shi, har da ƙubba a kan kabari mai daraja, kafin Usmaniyawa su sabunta ta daga baya. A harabar Masallacin Ƙudus ma akwai wurin shan ruwa mai ƙubbar dutse da har yau ake kira da sunansa. Ashe na taɓa tsayawa a wurin da mutumin nan ya yi wa hidima, a Madina, ina hawaye, ban san sunansa ba.

Kuma zamaninsa ba baƙo ba ne a gare mu. Yana mulkin Masar daga 1468 zuwa 1496, Muhammadu Rumfa na mulkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Ana ɗora waɗannan duwatsu a bakin teku, a Kano ana faɗaɗa ganuwa, ana kafa Kasuwar Kurmi, ana gina gidan sarki da har gobe ake kira Gidan Rumfa. A Alƙahirar Ƙaitabai ne Imam Suyuɗi yake zaune yana rubutu, kuma daga can ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da sarkin Agadas. Alhazanmu na wancan lokaci ta Masar suke bi. Wataƙila wani Bakatsine ya taɓa tsayawa a wannan gaɓa yana kallon ginin yana sabo fil.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Yaƙe-yaƙensa, musamman wanda ya gwabza da Usmaniyawa daga 1485 zuwa 1491, sun cinye baitulmali, talakawa da 'yan kasuwa suka ɗanɗana kuɗarsu da haraji. Amma ya riƙe ƙasa kusan shekara 29 a daular da sarakuna da yawa ba sa cika shekara biyu, kuma ya bar abin da ake gani.

Abin da ya biyo baya ne mai ban tausayi. Shekara biyu da rasuwarsa, a 1498, jiragen Fotugal suka kewaye kudancin Afirka suka isa Indiya, cinikin kayan yaji da ke ciyar da Iskandariyya ya fara samun wata hanya. Usmaniyawan da aka gina ƙal'ar dominsu kuwa ta tudu suka zo, ta ƙasar Sham, suka karya Alguri a 1516, suka shiga Alƙahira a 1517. Suka zuba nasu dakarun a nan, a hankali kulawa ta ragu, har lokacin da Napoliyon ya sauka da sojojin Faransa a 1798 ba ta iya tare shi ba. Mai mulkin Masar Muhammadu Ali Basha ya gyara ta, ya sa mata sababbin igwa. Sai ranar 11 ga Yuli, 1882, lokacin boren hafsan sojan Masar Ahmad Urabi, jiragen yaƙin Ingila suka jera a wannan ruwa da nake kallo, suka yi ta aman wuta kan ganuwoyin garin tun da safe har yamma. Ƙal'ar ta sha duka ƙwarai, bangayenta na arewa da yamma suka farfashe. Daga nan Ingila ta mamaye Masar. Shekara 21 bayan haka, a 1903, igwar mutanen nan ce ta tsaya a ƙofar Kano. Da na tuna wannan sai na ji ginin ya zama kamar ɗan'uwa.

Ta daɗe a kango kafin a waiwaye ta. Babban gyaran da ya mai da ita yadda take a yau an yi shi ne a 1984, shi ya sa za ka ga wani dutsen sabo ne, wani tsoho, a bango ɗaya.

Kafin mu fita muka bi ta doguwar rumfar da ke jikin ganuwar teku, inda aka huda bakuna don igwa. Nan ruwa ke dukan bango da gaske. Kowane ƙarfin igiyar ruwa sai ka ji shi a tafin ƙafarka, feshi ya shigo ta bakin ya jiƙa daɓe. A waje an jibge manyan tubalan kankare don su rage wa ginin duka. Ƙarƙashin wannan ruwa mai kumfa, a 1994, masu ninƙaya ƙarƙashin jagorancin wani masani Bafaranshe, Jean-Yves Empereur, suka tarar da ɗaruruwan manyan duwatsu da ginshiƙai da gumaka zube a ƙasan teku, wasunsu na hasumiyar ne da girgizar ƙasa ta watsar. Ɗaya daga cikin gumakan da aka tsamo, na wani sarki Batlimus, yana tsaye yanzu a ƙofar sabon ɗakin karatu na Iskandariyya. Da yawa daga cikin sauran suna nan inda suka faɗa, taku kaɗan daga inda dattawan nan ke jefa fatsa.

La'asar ta same mu a masallacin Abul Abbas Almursi, tafiyar 'yan mintoci daga ƙal'ar. Muka yi salla, muka tsallaka muka ziyarci Imam Busiri, mai Burda, wadda na tashi ina jin mahaifiyarmu na rerawa da dare. Muka ci gurasa da soyayyar hanta mai yaji irin ta mutanen garin a tsaye, muka kama jirgin Magariba.

Mun tarar da Yaya bai yi barci ba, yana zaune da bandejinsa yana jan carbi. Ya ce, "To, malamin tarihi, me ka gano?" Na zauna na ba shi labari tun daga jan dutsen ƙofa har gobarar Madina. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya yi shiru, sannan ya juya wajen da yake jin motsin ɗansa.

"Kabarin nasa da nisa daga nan?"

"A'a Baba, bayan Azhar ne kaɗan."

"To jibi in an cire mini wannan abin, can za ku fara kai ni. Mutumin da ya gyara Masallacin Annabi, ai a je a yi masa addu'a."